Injiniya a sashen sayen kayan jirgin sama: me yake yi, kuma ta ina ɗan Damagaram zai bi?

Ramatu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga yayyenmu injiniyoyi ce. Kamfanonin ƙera jirgin sama suna yawan neman injiniyan masana'anta, amma in ka karanta sanarwar sai ka ga a sashen sayayya za a ajiye shi. Me injiniya zai yi a ofishin sayen kaya? Kuma wanda ya karanta makanikanci a nan Nijar, ta ina zai bi ya kai can?

Injiniya Lawali: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da sanin cewa Airbus da Boeing ba su ke ƙera mafi yawan abin da ke jikin jiragensu ba. Nasu shi ne zane, haɗawa, gwaji da sa hannu. Inji daga CFM ko Pratt & Whitney ko Rolls-Royce yake zuwa. Ƙafafun sauka daga irin su Safran. Gangar jikin Boeing 737 a Wichita ake yin ta, a ɗora wa jirgin ƙasa ya kai ta Renton, inda ake haɗa jirgin. A ƙarƙashin waɗannan manya kuma akwai dubban ƙananan masana'antu, wannan yana sassaƙa ƙarfe, wancan yana gasa shi a tanderu, wani fenti kawai yake yi.

To a sashen sayayya mutum uku ne ke tsaye kan kowane mai kawo kaya. Mai saye yana riƙe da farashi da kwangila. Injiniyan inganci yana duba ko abin da aka kawo ya yi daidai da zane. Injiniyan masana'anta, wanda kike tambaya a kansa, shi ake tura wa ya shiga masana'antar mutumin ya amsa tambaya guda: zai iya yin wannan abu daidai, a yawan da muke so, kowane wata, ba fashi?

Ga yadda ake lissafin. Mu ce wani sashe ne da ke cin awa 3.5 a kan injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, kowane jirgi yana buƙatar 4, ana haɗa jirgi 60 a wata. Guda 240 ke nan. Ƙara kashi 5 cikin ɗari na wanda zai lalace, ya zama kusan 253, wato awa 885. Inji ɗaya, in ana aiki zubi uku a rana, awa 7.5 kowane zubi, kwana 22 a wata, awa 495 ne a takarda. Amma akwai canjin wuƙa, ɗaura ƙarfe, gyara, jiran mai awo. In ka samu kashi 70 ka gode Allah, wato awa 346. Raba 885 da 346, ka ga inji biyu ba su isa ba, sai uku. In mai masana'antar inji biyu gare shi ya ce zai iya, ko ya rantse da abin da zai kashe shi ba zai iya ba. Mai saye ba zai gano haka daga takardar farashi ba, sai wanda ya san aikin inji.

Hajiya Zuwaira: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma kada Ramatu ta ɗauka kuɗi ba ruwan injiniya da su. Kafin a zauna ciniki, shi ne ke fitar da abin da ya kamata kayan ya ci: nauyin ɗanyen ƙarfe, awannin inji, ladan ma'aikaci, gashi a tanderu, rufin da ake shafa wa ƙarfe, awo, riba. Da wannan takardar mai saye ke shiga ɗaki.

A titaniyom lissafin ya fi zafi. Ana iya sayen dunƙule mai kilo 20 a sassaƙe shi har ya koma kilo 2, sauran 18 ɗin ya tafi a ɓarbashi. In kilo ya tashi da dala 5, sashen ya tashi da dala 100, ba dala 10 ba. Injiniyan da ya ce a daina sayen dunƙule a koma ƙirar matsi, wato a matse ƙarfe mai zafi a cikin ƙwarya ya fito kama da siffar sashen, ya rage asarar zuwa rabi, ya samo wa kamfani abin da ciniki na wata shida ba zai samo ba. Sai dai ƙirar matsi tana son ƙwarya ta musamman mai tsada, kuma wa'adin kawo ta yakan haura shekara. Sai a auna yawan jiragen da za a yi kafin a yanke.

Akwai kuma abin da T. P. Wright, injiniyan jirgin sama na Amurka, ya rubuta tun 1936: duk lokacin da yawan abin da aka ƙera ya ninka, awannin aikin hannu kan ragu da kusan kashi 20. In na 100 ya ci awa 10, na 200 zai ci 8, na 400 ya ci 6.4. Shi ya sa ake rubuta saukar farashi shekara-shekara a kwangila. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗora wannan ƙa'idar kan aikin da inji ne ke yin kusan dukkansa. Inji ba ya ƙara sauri don ya saba.

Ɗan Birni: Ku yi hakuri manya, ni dai ina ganin ana ɗora wa yarinya buri. A Zinder ba a ƙera ko notin jirgi. Filin jirginmu sauka da tashi ne kawai. Wannan magana ta mutanen Tulus ce da Siyatil, garuruwan Airbus da Boeing.

Malam Mamman Sani: Ɗan Birni, za mu zo kan hanyar, amma bari ta fara sanin aikin, don wanda bai san abin da ake nema ba ba zai san abin da zai karanta ba.

Ramatu, 'yata, ga matakan da ake bi kafin a karɓi ko ƙwaya ɗaya daga sabon mai kawo kaya. Da farko a duba yana da shaidar AS9100, wadda a Turai ake kira EN 9100. ISO 9001 ce, ƙa'idar kula da inganci, aka ƙara mata sharuɗɗan jirgin sama. Mai gyaran jirgi tasa 9110 ce, dillali mai sito 9120. Ba a yarda da hoton satifiket da ya aiko, ana shiga rumbun bayanai na OASIS, na IAQG, ƙungiyar kamfanonin jirgin sama mai kula da inganci, a ga ko tana raye, da wane reshe ta shafa. Kamfani na iya samun masana'anta uku, ɗaya ce kawai mai shaida.

Sai binciken ido da ido a masana'antar. Sai a ba shi zane da duk ƙa'idojin da zanen ya ambata, a zauna layi-layi a ji wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Sai gwajin ƙirar farko, FAI, bisa AS9102. Takarda uku ce. Ta farko tana ɗauke da lambar sashe da bugun zanen da aka yi aiki da shi. Ta biyu ɗanyen ƙarfe da ayyuka na musamman da wanda ya yi su. Ta uku ita ce mai wahala: kowane awo da kowace ƙa'ida da ke kan zane a sa mata lamba, a auna, a rubuta ainihin adadin da aka samu. In zane na da awo 180, layi 180 za a cika. Rubuta “ya yi” a inda ake son adadi ya isa a mayar da takardar.

Inda aka fi cutuwa shi ne ƙirar farkon da ba da kayan aikin yau da kullum aka yi ta ba. Mai masana'anta ya ɗauko gwanin gwanayensa, ya ba shi injin da ya fi sabunta, ya yi mako yana lallaɓa ƙwaya ɗaya. Ta fito tsaf, aka sa hannu. Da aka fara yin 200 a wata da yaran dare a tsohon inji, sai kaya ya fara dawowa. Dole injiniya ya tabbata injin, da shirin kwamfutar, da maɗaurin da aka yi gwaji da su, su ne za a ci gaba da su. In aka canja ɗaya daga ciki, ko aka ƙaura wuri, ko aka canja mai gashi, ko aka yi shekara 2 ba a ƙera sashen ba, sai an sake gwajin, ko dukkansa ko ɓangaren da canjin ya taɓa.

Ramatu: Na gode Baba. Me ake nufi da ayyuka na musamman? Ai ina jin duk aikin jirgi na musamman ne.

Habu Garin Malam: Su ne ayyukan da ba za ki iya tabbatar da kyansu da awo ba sai kin lalata kayan. Faɗin rami ana auna shi. Amma ko ƙarfe ya gasu daidai har cikinsa, ko walda ta kama, ko rufin ya zauna, ido da ma'auni ba sa nunawa. Don haka ake sa ido kan yadda aka yi aikin tun daga farko. Wata hukuma mai zaman kanta, PRI, ce ke gudanar da binciken ba da shaidar Nadcap a kan gashi, walda, sinadarai, rufi da gwajin tsaga, kuma yawancin manyan kamfanoni ba sa karɓar kaya daga wanda ba shi da ita, ko da yana da AS9100.

Misali biyu. Alminiyam 7075 ana kai shi wajen digiri 470 a tanderu, a fito da shi a tsoma a ruwa cikin daƙiƙu kaɗan, sirara ma ƙasa da daƙiƙa 10. Sannan a mayar da shi digiri 120 na awa 24, shi ne gashin da ake kira T6. In mai ƙugiya ya yi nawa tsakanin ƙofar tanderu da kwamin ruwa, ƙarfen zai fito da kyan gani, amma ƙarfinsa ya ragu, juriyarsa ga tsatsa ma ta ragu. Shi ya sa mai bincike ke tsayawa da agogo a hannu. Tanderun kansa ƙa'idar AMS 2750 ta raba shi aji-aji. Aji na 2, wanda ake so wa wannan aikin, bambancin zafi a ko'ina cikinsa kada ya wuce digiri 6 sama ko ƙasa, kuma ana gwada hakan lokaci-lokaci da ma'aunan zafi da yawa a kusurwoyi da tsakiya.

Na biyu, ƙarfe mai tsananin ƙarfi irin na ƙafafun sauka. In aka yi masa rufin kadmiyom, iskar haidurojin tana shiga jikinsa. Dole a sa shi a tanderu cikin awa 4 da gama rufin, a digiri 190, mafi ƙarfinsu har awa 23. In aka gama rufi da yammacin Juma'a aka bar shi sai Litinin, ba abin da zai nuna a jiki. Sai an ɗaure shi a jirgi, nauyi ya hau, bayan kwanaki ko watanni ya ɓalle ba gargaɗi. Abin da injiniya zai duba lokaci biyu ne a takarda: ƙarfe nawa ya fito daga rufi, ƙarfe nawa ya shiga tanderu. In rubutun duka biyun da hannu ɗaya da alƙalami ɗaya aka yi shi, a nemi tarihin da na'urar tanderun ta ajiye da kanta.

Ɗan Birni: To ashe dai aikin takarda ne. Ka ga abin da nake faɗa, injiniya ya ƙare a tara fayil.

Hajiya Zuwaira: Ɗan'uwa, takardar nan da kake rainawa rayuka ke rataye a kanta. Ran 8 ga Satumba 1989 jirgin Partnair da ya tashi daga Oslo zuwa Hambag ya tarwatse a gaɓar Danmak, mutum 55 suka rasu. Bincike ya nuna uku daga cikin notoci huɗun da ke riƙe da wutsiyarsa ba na gaskiya ba ne, ba su kai ƙarfin da ake buƙata ba. A 2023 aka gano wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da sassan injin CFM56 da takardun jabu. Wannan inji shi ke jikin dubban A320 da 737, sai da kamfanoni suka riƙa sauke jirage suna buɗe injina suna neman sassan.

Ƙa'idar ita ce kowane sashe a iya bin sawunsa baya har tukunyar da aka narka ƙarfensa. Lambar zubin da ke jikin ƙarfe ta zama ita ce a takardar masana'antar narki, irin ta EN 10204 3.1, ita ce a katin aiki, ita ce a takardar gashi, ita ce a takardar sallama. Kayan gyara kuma suna tafiya da takardar shaida ta hukumar jiragen sama, EASA Form 1 ta Turai ko FAA 8130-3 ta Amurka. Mai karɓar kaya na ƙwarai yana lissafi: in takarda ta ce zubin ya ba da sanda 40 amma an kawo maka sassan da sai sanda 55 za su fitar, akwai ƙarfen da ya shigo ta bayan gida. In ana shakka a kira wanda aka ce ya sa hannu a tambaye shi, kuma a ɗora na'urar tantance sinadarin ƙarfe a kan kayan. Wanda bai san ƙarfe ba ba zai ga ƙaryar da ke cikin takardar ƙarfe ba.

Injiniya Lawali: In ƙara a kan na Hajiya. Ran 5 ga Janairu 2024 murfin ƙofa ya fice daga 737 MAX 9 na Alaska Airlines jim kaɗan bayan tashi daga Fotlan. Gangar jikin ta zo daga Spirit AeroSystems da wasu ƙusoshin ribet marasa kyau kusa da murfin. A Renton aka buɗe murfin don a gyara su, ba a rubuta cewa an buɗe ba, aka mayar ba a sa notoci huɗun da ke hana shi zamewa ba. Tunda ba rubutu, ba wanda aka tura ya duba. Darasin da ya shafi aikinmu shi ne karɓar kaya da aibi da niyyar a gyara a gaba, don kada layi ya tsaya. Duk gyaran da aka yi a inda ba nan aka tsara yin sa ba, ƙofar kuskure ce. Spirit kanta reshen Boeing ce da aka sayar a 2005, a 2024 Boeing ya amince ya sake sayen ta.

Wani lokacin kuma matsalar tana can ƙasa inda ba wanda ke leƙawa. A Yuli 2023 Pratt & Whitney ya bayyana cewa garin ƙarfen da aka yi wasu faya-fayan injin PW1100G da shi tsakanin 2015 da 2021 ya gurɓata. Aka ce sai an sauke injina 600 zuwa 700 a duba, kamfanin da ya mallaki Pratt ya ware kusan dala biliyan 3, ɗaruruwan A320neo suka zauna a ƙasa.

Habu Garin Malam: Shi ya sa ni nake ganin kowane sashe a samar masa masu kawowa biyu. Dubi titaniyom: kafin 2022 VSMPO-Avisma ta Rasha ce ke ba Boeing kusan kashi ɗaya cikin uku, Airbus kusan rabi. Da yaƙin Yukren ya ɓarke Boeing ya daina saye a Maris 2022, kowa ya bazama neman wani.

Hajiya Zuwaira: Malam Habu, a baki yana da daɗi, amma ban yarda da “kowane sashe” ba. Mai kawowa na biyu yana nufin ƙwarya ta biyu, maɗauri na biyu, gwajin farko na biyu, bincike na biyu duk shekara. A sassan inji masu juyawa, amincewa da sabon maƙeri na iya cin shekaru, don sai an yanka samfur an duba ƙwayar ƙarfen, an yi gwajin gajiya. Kuma in ka raba oda gida biyu kowa farashinsa ya tashi, ba wanda zai sayi sabon inji dominka. Abin da ake yi shi ne a jera sassa bisa tambaya biyu: in wannan ya yanke, kwana nawa layi zai tsaya, kuma wata nawa kafin a samu madadi? Waɗanda suka fito ja a duka biyun su ake nema wa na biyu ko a tara musu ajiya. Kuma a bi sawu har ƙasa, don sau da yawa masu kawowa biyun a wurin mai gashi ɗaya suke gasawa, ko daga masana'antar narki ɗaya suke saye. Ka biya kuɗin biyu, hatsarinka na ɗaya ne.

Habu Garin Malam: Na karɓi gyara a kan sassan inji, Hajiya. Amma a ƙananan kaya ina nan kan bakana. A 2007 ƙarancin notoci da ƙusoshi na cikin abin da ya fara jinkirta Boeing 787, jirgin da bai isa hannun mai saye na farko ba sai Satumba 2011, fiye da shekara 3 bayan alkawari. Abin da ya fi araha shi aka fi mantawa da shi.

Hajiya Zuwaira: A nan ba mu da saɓani.

Malam Mamman Sani: Akwai wani abu da ɗan ƙasar zafi ya kamata ya riga kowa ganewa. Duk awon da ke kan zane a digiri 20 ake nufinsa. Alminiyam yana miƙewa kusan maikuron 23 a kowace mita a kowane digiri. Sashe mai tsawon milimita 500, in aka auna shi a rumfa mai digiri 40 irin ta watan Afrilu a garin nan, ya ƙaru da milimita 0.23. Zanen kuwa wataƙila 0.05 kawai ya yarda a kauce.

Injiniya Lawali: Malam, Allah ya ƙara sani, in ma'aunin na ƙarfe ne shi ma ya miƙe da kusan rabin haka, don haka abin da zai nuna wajen 0.12 ne. Amma maganarka na nan, ya ninka abin da aka yarda fiye da sau biyu. Ana barin kaya ya kwana a ɗakin awo mai sanyi kafin a taɓa shi. Haka zaren kabon da aka jiƙa da danƙo, a digiri 18 ƙasa da sifili ake ajiye shi, kuma ana ƙirga kowace awa da ya yi a waje. In kwantena ta tsaya a duwan na'urar sanyi ta mutu, kayan ya tashi aiki ko da ranar da ke jikin kwalinsa ba ta cika ba. Shi ya sa ake sa na'urar rubuta zafi a cikin kwalin, kuma a kwangila a fayyace a wane wuri hatsarin kaya ke komawa wuyan mai saye.

Ramatu: To in mai kawo kaya ya fara lalacewa fa, korarsa ake yi?

Injiniya Lawali: Ba a saurin kora, don maye gurbinsa ya fi gyara shi tsada. Ana bin sa da alƙaluma biyu kowane wata: kashi nawa ya kawo a kan lokaci, da guda nawa cikin miliyan aka mayar masa. In ya kawo 10,000 aka mayar da 5, shi ne 500 cikin miliyan. Kowane aibi ana buɗe masa 8D, wato rahoton warware matsala mai mataki takwas: a killace kayan da ke hanya da na sito cikin kwana ɗaya ko biyu, a nemo dalilin da ya sa aka yi aibin, a nemo dalilin da ya sa bai gan shi ba kafin ya aiko, a gyara duka biyun. Amsar da ba a karɓa ita ce “laifin ma'aikaci ne, mun ja masa kunne”. In maɗauri yana barin a ɗaura sashe a juye, gobe wani ma zai juya shi. A sa masa turaku ta yadda ba zai shiga ba sai ta fuska ɗaya. A muhimman awo kuma ana neman Cpk, adadin da ke nuna yadda awo ke zama cikin iyakar zane, ya kai 1.33 ko fiye, alamar cewa aikin yana tsakiyar iyaka, ba a bakinta yake rawa ba.

Tarar jinkiri tana cikin kwangila, amma a yi hattara da ƙaramar masana'anta. In ka ci ta tara, ka kuma riƙe kuɗinta kwana 90, ba za ta iya sayen ƙarfen wata mai zuwa ba, jinkirin ya ƙaru. Wani lokacin maganin shi ne kamfani ya saya mata ɗanyen ƙarfen da kansa, ko ya zaunar da injiniyansa a can na wasu watanni.

Ɗan Birni: Duk na ji. Har yanzu ba a amsa mini ba: ta ina?

Malam Mamman Sani: To ga ta. Ba sai Tulus ba. A Maroko, a Nuwasar kusa da filin jirgin Kasabalanka, akwai yankin masana'antu na Midparc, kuma ƙasar tana da kamfanonin sassan jirgi fiye da 100, ciki har da rassan Safran da Matis Aerospace mai haɗa wayoyin lantarki. Da Faransanci ake aiki, harshen da ɗanmu ya yi bak da shi. Suna da makarantar koyon sana'ar, IMA, tun 2011. A Tunisiya akwai masana'antar Airbus Atlantic a Mugira. Afirka ta Kudu na da Aerosud. Habasha na da babbar cibiyar gyaran jirage ta Ethiopian Airlines a Adis Ababa. Guraben karatun Maroko ta hannun AMCI, hukumarsu ta haɗin kai da ƙasashen waje, suke fitowa, a nan kuma ANAB, hukumar tallafin karatu, ake bi.

A lura da bambancin makarantu kada a ɓata shekaru. Makarantar EAMAC ta Yamai, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama a Afirka, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da masu na'urorin filin jirgi. Kwalejin harkar jirgin sama ta Zariya matuƙa da masu gyaran jirgi take fitarwa. Dukansu hanyoyi ne masu kyau, amma aikin da muke magana a kai tushensa makanikanci ne, ko ilmin ƙarafa, ko injiniyancin masana'antu, irin wanda ake somawa a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, sannan a ɗora mastar a waje.

Habu Garin Malam: Kuma kada a raina abin da ke gida. Matatar man SORAZ ta nan Zinder da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ba jirgi take yi ba, amma aikin kowace matata ya ƙunshi takardar shaidar ƙarfe, ƙa'idar walda, gwajin tsaga, daidaita ma'aunai da bin 'yan kwangila. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a sashen inganci ko gyara na irin wannan wuri yana da abin faɗa a gaban masu ɗaukar aiki. Abu ɗaya a sani: shaidar gwajin tsaga ta harkar mai ISO 9712 ce, ta jirgin sama EN 4179 ko NAS 410, kuma wannan kamfanin da kake wa aiki ne ke ba ka ita, ba ka tafiya da ita in ka bar shi.

Hajiya Zuwaira: Ramatu, shawarata kada ki fara da ofishin sayayya ko da an ba ki. Ki yi shekara biyu zuwa uku a cikin masana'anta, a sashen tsara hanyar aiki ko na inganci, inda za ki rubuta katin aiki, ki cika takardar FAI da hannunki, ki ga kaya ya lalace ki nemo dalili. Mai masana'anta mai shekara 30 a sana'a yana gane wanda bai taɓa tsayawa gaban inji ba tun a tambayar farko.

Kafin nan abin da za ki iya yi daga Zinder: ki iya karanta zane sosai, da alamomin iyakar awo da siffa na ISO 1101 da na ASME Y14.5, don na Turai da na Amurka duka za su zo miki. Ki koyi manhajar zane ɗaya, CATIA ce aka fi aiki da ita a wannan harka, amma wadda ta iya SolidWorks ba za ta sha wuya ba. Excel har ki iya fitar da Cpk da lissafin awannin inji da kanki. Sai Ingilishi, don duk ƙa'idojin AMS da AS da shi aka rubuta su, kuma mai kawo kayanki na iya zama a Turkiyya ko Indiya.

Akwai ƙofar da a rufe take, gara a faɗa tun yanzu. Ayyukan soja da dokar ITAR ta Amurka ta shafa ba a barin wanda ba ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin a can ba ya ga zanensu sai da lasisi. A Turai ma ayyukan tsaro kan nemi tantancewar da baƙo ba ya samu da sauƙi. Ki karanta ƙasan sanarwa kafin ki ɓata lokaci, ki nufi jiragen fasinja da ƙananan masana'antun da ke yi wa manya aiki, su suka fi ɗaukar mai neman istaj.

Ramatu: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, Baba Mamman Sani: in ba ni da zanen jirgi, da me zan gwada cika takardar FAI?

Malam Mamman Sani: Da kowane sashe mai zane. Ki samu ƙaramin sandan famfo ko murfin beyarin, ki zana shi da duk awonsa da iyakokinsa, ki kai wa mai injin sassaƙa a cikin gari ya yi miki guda 10. Ki sa wa kowane awo lamba a kan zanen, ki auna duka goman da maikuromita da sassafe, ki sake aunawa da azahar, ki rubuta zafin ɗakin kowane karo. Ki tambaye shi wane ƙarfe ne, a ina ya saye shi, me zai nuna shaida. In bai da takarda, ki rubuta haka a takarda ta biyu a matsayin giɓi, kada ki cike da zato. Ki turo hoton takardun uku a zauren nan, ni da Injiniya Lawali za mu duba miki su layi-layi.